"Boko" Ba Daga Ingilishi Ta Zo Ba

Tun da aka fitar da kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, gardamar harshe ba ta lafa ba. Cikin gardamar ce wata tsohuwar magana ta sake tasowa: wai "boko" ma ai Ingilishi ce, daga "book", wato littafi. Malaman lakwal, wato makarantar boko, na faɗa, 'yan jarida na maimaitawa, musamman tun da 'yan jaridun waje suka shiga fassara sunan Boko Haram.

Ba haka ba ne, kuma abin takaici ne yadda masu ilimi ke yaɗa wannan kuskure ba tare da sun duba ba.

Babu mai musun cewa Hausa ta ari kalmomin Ingilishi. Mai shiga kasuwar Bakin Birji, a ƙaramar hukumar Ollelewa, zai ji mota, bokiti, tebur, direba, duk sun hauro daga Kano tare da fatake, alhali Faransa ce ta mulki wannan yanki na Damargu. Sai dai aro na da ƙa'ida. Kalmar "cook" ta shigo bakin Bahaushe ta zama kuku. "Book" wasalinsu ɗaya da ita, don haka da an are ta, buku za a ce. Babu hanyar da wannan gajeren wasali zai bi ya zama dogon "o" na boko. Kamar raƙumi ne: in sawunsa bai bi ta ƙofar ba, to ba ta nan ya shigo ba. Sannan me Bahaushe zai yi da ita? Yana da littafi daga Larabci tun kafin Bature ya san hanyar Damagaram.

Masanin harshe Paul Newman ya warware wannan a wata maƙala ta 2013: boko kalmar Hausa ce ta asali, ma'anarta algus, yaudara, abin da ba na gaskiya ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da wannan ma'ana. Tsofaffinmu ba sa bukatar ƙamus. Sun san amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a yi gaba da ita cikin guɗa, alhali amaryar gaskiya na wani wuri. Sun san biri-boko.

Ke nan da kakanninmu suka kira karatun Nasara "boko", hukunci suka yanke masa: wannan ba karatu ba ne idan aka gwada shi da na allo. Shi ya sa sunan ya zauna daram har a nan Nijar, inda da Faransanci ake karatu a aji.

Wannan tarihin ya kamata hukumomin ilimi su riƙe. Uban da ke jan ƙafa wajen sa 'yarsa lakwal a ƙauyukan Tanut, tsohon zargin nan ne ke ransa, kuma sanarwa a rediyo ba ta goge shi. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Fiye da shekara 50 ke nan, har yau yawancin yaran Damargu da Faransanci ake tarbarsu ranar farko, malami na magana, su suna kallon bakinsa.