Leshi: Ado a Mubi, Tarko a Bakin Bature

Duk ranar da aka buɗe akwatin lefe a Mubi, bayan an ƙidaya atamfa da shadda, abin da mata ke miƙa wuya su gani shi ne leshi. Da yawa daga cikin wannan kaya kuwa daga Kudu yake zuwa. Fatake sukan loda shanu a kasuwar Mubi, babbar mota ta sauke su a Ikko ko Badun, in an yi ciniki sai a ratsa kasuwar Balogun ko Gbagi a auno yadi biyar-biyar a yi tsaraba. To, amma ba kowa ya san inda sunan ya fito ba, balle sauran ma'anoninsa, alhali kuwa akwai wadda saninta zai tsirar da mutum da dukiyarsa.

Kalmar ta Ingilishi ce, wato lace, harshen Bahaushe ya lanƙwasa ta ta koma leshi. Su ma mutanen Ingila aro suka yi daga Faransanci na dā, tushenta kuwa Latin ne, laqueus, ma'ana igiyar zarge ko tarko. Daga wannan tushe ne aka sami lasso, igiyar da makiyayan Amurka ke wurga wa sa a wuya.

Ma'ana ta farko dai ita ce igiyar ɗaure takalmi, har shi ɗaurin kansa da wannan kalma ake faɗinsa. Saboda haka wanda ya ji ta a kantin takalma kada ya zaci yadi ake yi masa talla. Ita ce kuma a ƙarshen necklace, sarƙar wuya.

Ta biyu ita ce saƙa mai huji-huji wadda ake yi da zare zalla, ba a kan wani ƙyalle ba. Da hannu matan Turai ke yin ta, kafin John Heathcoat ya ƙago injinta a 1809, birnin Nottingham na Ingila ya yi suna a kanta. A nan ne abin mamakin yake, domin galibin abin da ake kira leshi a Nijeriya, a wurin masu sana'ar ba shi ne lace na ainihi ba. Yadi ne aka yi wa aikin surfani da inji, aka huhhuda shi. Masu yin sa na garin Lustenau a Ostiriya, da na St Gallen a Suwizalan, sun kama kasuwar Ikko tun farkon shekarun 1960, daidai lokacin da Mubi ta shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, ta zama hedkwatar Lardin Sardauna.

Da kuɗin man fetur suka kwararo a shekarun 1970, leshi ya zama ma'aunin arziki a Kudu, daga nan ya haura Arewa. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gongola, gwamnatin soja ta hana shigo da shi don a tsimi kuɗin ƙasashen waje. Hanin bai kashe kasuwar ba. Sai kayan suka koma biyowa ta Kwatano a hannun 'yan fasa-ƙwauri, wasu attajirai kuma suka kafa masaƙunsa a Aiyepe ta ƙasar Ijebu. Mutumin Mubi, wanda ke zaune a bakin iyakar Kamaru, ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda hani ke ƙara wa kaya tsada.

Ma'ana ta uku ita ce abin lura. Idan jaridar Turanci ta ce an yi lacing ɗin shayin wani, ba ado aka yi wa shayin ba. Nufinta an zuba masa wani abu a ciki, giya ko ƙwaya mai sa barci ko guba, sau da yawa a ɓoye. Irin wannan labari kan fito ne game da matafiyin da ya karɓi abin sha a tasha ko cikin mota daga hannun wanda bai sani ba, ya farka ya tarar an yi masa ƙarƙaf. A nan kalmar ta koma gidanta na asali, wato tarko.

Don haka ya kamata duk mai komawa gida da kuɗin shanu ko guzurin aure ya riƙe abu biyu. A kasuwa ya juya bayan yadin ya duba aikinsa, ya tambayi inda aka yi shi kafin ya biya, tunda sunan leshi ɗaya ne amma daraja kowanne da tasa, matambayi kuma ba ya ɓata. A hanya kuwa, komai ƙishirwa, ya sayi abin shansa da kansa. Allah ya kai kowa gida lafiya, shi da tsarabarsa.