Mai Dokar Barci Ya Ɓuge Da Gyangyaɗi

A watan Yuni na 1984 ba, a'a, a watan Yuni na 2014 ne sojoji suka tare motocin rarraba jaridu a Abuja da wasu garuruwa, suka ƙwace kaya. Jaridu suka yi kuka da murya ɗaya, suka ce an take 'yancinsu.

Sai a Disamba 2015, lokacin da hukumar EFCC take binciken kuɗin makamai, aka ji cewa ofishin Kanar Sambo Dasuki ya fitar da Naira miliyan 120 domin jaridu 12. Shugaban ƙungiyar masu jaridu na lokacin, Nduka Obaigbena, ya ce diyyar hasara ce. Wasu jaridu suka mayar da rabonsu, wasu suka ce ko kwabo bai iso gare su ba.

To, in diyya ce, me ya hana a buga labarinta ranar da aka karɓa? Da minista ne ya yi haka, da shafin farko bai ishe mu ba. Ƙa'idojin da muka amince da su a Ilori a 1998 sun haramta wa ɗan jarida karɓar toshiyar baki. Mai karatu yana da hakkin ya san wanda ya ba jaridarsa kuɗi.