Tsirya a keji: Ƙanwar aku da kasuwa ke ci ba tare da lissafi ba

Unguwar Sabo da ke Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, ta yi suna ne da fataucin shanu da goro: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura. Sai dai a kan wannan tsohuwar hanya ta fatake akwai wata ƙaramar haja da ba kasafai ake ambatonta ba, wato tsuntsayen daji da ake yawo da su a keji. Daga cikin waɗanda suka fi farin jini akwai tsirya, ƙanwar aku, wadda mai ƙaramin ƙarfi ke iya saya idan kuɗin aku ya gagare shi.

Tsirya ba ta wuce tsawon santimita 23 ba, nauyinta kuma tsakanin giram 120 ne zuwa 170. Kanta toka-toka ne, bayanta kore, cikinta kuwa rawaya ne ko ruwan goro, gwargwadon yankin da ta fito. Wadda ke dazuzzukan yammacin Nijeriya, ciki har da arewacin Jihar Oyo, cikinta ya fi ja. Tana rayuwa a dajin da itatuwa ke warwatse, tun daga Senegal har Kamaru da Chadi, tana cin ɓaure da ɗorawa da kaɗanya. Idan gero da masara suka nuna takan faɗa gona, shi ya sa manomi ba ya jin zafin a kama ta.

Rauninta yana wajen haihuwa. Ba ta saƙa sheƙa, sai ta samu kogo a jikin tsohuwar bishiya. A nan take yin ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta a kansu kusan kwana 28, sannan 'ya'yan su shafe kimanin mako tara kafin su tashi. Mai farauta da ya hau bishiya ya kwashe su ya tafi da haihuwar shekara guda. Wanda ya sare bishiyar kuwa ya rufe gidan har abada.

Wannan na biyun shi ne babban abin damuwa a Jihar Oyo. Yankin Saki da Iseyin ya daɗe yana cikin manyan wuraren ƙona gawayi a ƙasar nan. Saran madobiya da ake fitarwa Sin ya yi tsanani har aka dakatar da Nijeriya daga cinikinta a 2018. Gandun dajin ƙasa na Tsohuwar Oyo na cikin mafakar da ta rage wa tsuntsayen wannan yanki.

Darasi daga aku

A jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, har yanzu tsirya na cikin rukunin da ba a fargabar ƙarewarsa, ko da yake an lura yawanta na raguwa. Haka aka taɓa kallon aku, wanda Abubakar Imam ya naɗa waziri a Magana Jari Ce. Kasuwa ta ci shi har ya kusa ɓacewa daga Ghana, kuma a taron Johannesburg na 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa.

Tsirya tana rukuni na biyu na wannan yarjejeniya tun 1981, ma'ana ba a fitar da ita waje sai da takardar izini. Ta daɗe cikin tsuntsayen da aka fi fitarwa daga Afirka ta Yamma, kafin Amurka ta taƙaita shigo da tsuntsayen daji a 1992, Tarayyar Turai kuma ta rufe ƙofarta baki ɗaya a 2007. A gida an kafa doka a 1985 kan cinikin halittun da ke fuskantar barazana, aka kuma yi mata gyara a 2016. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da izini, hukumar NESREA da Kwastam ke sa ido.

Amma idon hukuma ya fi karkata ga filin jirgi da tashar ruwa. Kejin da ya taso daga ƙauye a motar haya ya sauka Sabo, ko ya ƙare a bakin titin Abuja, da wuya ya shiga wani kundi. Ibadan ba ta rasa masana: akwai cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa a Jericho, ga jami'ar da ke da gidan dabbobi tun 1948. Akwai kuma Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa da ake jin maganarsu. Haɗa waɗannan a kan tabarma ɗaya domin a san adadin da ke shigowa, da inda suke fitowa, aiki ne da bai fi ƙarfin gwamnati ba.

Idan ta riga ta shigo gida

Wanda aka ba shi tsirya kyauta ya sani ya ɗauki nauyin shekaru, domin takan kai 30 ko fiye. Tana buƙatar kejin da za ta buɗe fukafukai a ciki, da inuwa, da ruwa mai tsabta kullum. Gyaɗa zalla ba abinci ba ce, wadda ta yi funfuna kuwa guba ce. A haɗa mata hatsi da gwanda da mangwaro da ganye. Kada a ba ta fiya, ko cakulan, ko gishiri, ko goro, duk da yawansa a Sabo. Idan kaɗaici ya dame ta, takan fara fige gashinta. Kashinta busasshe na iya sa wa mutum zazzaɓi da ciwon huhu, don haka a jiƙa kejin kafin a share.

Mai niyyar saya kuwa, abu na farko shi ne ya tambayi asalinta. In daga daji aka kamo ta, kuɗin da zai miƙa shi ne zai sake tura wani ya hau bishiya baɗi.