Wili Mai Waya a Hanyar Maigatari

Wani abokina, injiniya, ya dawo gida Gumel da tsohuwar MG, motar tsere ta Ingila, ya kuma dage sai ya sa mata wili mai waya, irin na keke, kamar yadda Turawa ke ƙawata Jaguar E-Type tun 1961. Na ce masa ya yi hattara.

Wannan wili ba da kusoshi huɗu ake ɗaure shi ba, da noti ɗaya ne a tsakiya, wanda ake buga wa guduma. Saboda haka sai an sauya kan gatarin ko an ƙara masa mahaɗi. Galibi yana buƙatar tif, domin iska na zurarewa ta ramukan wayoyin. Kuma rami ɗaya a hanya ya isa ya sassauta su, ƙafa ta fara rawa.

Ba banza ba Peugeot 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna, ta jure lodin kasuwar Alhamis ta Maigatari da wilin ƙarfe zalla.

Bai ji ba. Da ƙafar ta karkace kafin Sule Tankarkar, makanikai suka ce ba aikinsu ba ne. Wani dattijo mai gyaran keke ne ya daidaita ta, waya bayan waya, yana sauraren amon kowacce.