Likitan da ya faro yaƙi da sanƙarau daga Zariya: Farfesa Brian Greenwood

Shirinmu na musamman na yau a kan wani likita ne ɗan Ingila, Farfesa Brian Greenwood. Mai yiwuwa ba ku taɓa jin sunansa ba, amma da wuya a sami gida a ƙasar Hausa da aikinsa bai shiga ba.

An haife shi a 1938. Ya zo Najeriya a 1965, ya fara aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ya koma Zariya a 1970, lokacin da makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Ahmadu Bello take rarrafe. Shekara goma ya yi a can, kuma a nan ya yi arba da sanƙarau.

Duk wanda ya ga bazarar da annoba ta ɓarke ya san yadda abin yake. Yaro ya kwana lafiya, da hantsi jiki ya yi zafi rau, wuya ya sanƙare, ba ya son haske, kafin magariba ya fita hayyacinsa. A annobar 1977 haka aka riƙa kwararowa da yara asibitin Zariya. Maganin da ake da shi a lokacin sai an yi ta maimaita allura dare da rana, ga ma'aikata 'yan kaɗan. Greenwood da abokan aikinsa, 'yan ƙasa da baƙi, suka gwada allurar chloramphenicol mai haɗe da mai, wadda take daɗewa a jiki, suka nuna cewa sau ɗaya tak tana iya wadatar da mafi yawan majinyata. Shekaru da dama wannan allura ce aka dogara da ita a ƙauyukan Sahel duk lokacin da annoba ta taso.

Sun kuma bi diddigin abin da iyayenmu suka daɗe da lura da shi, wato sanƙarau na zuwa da rani, ya lafa da saukar damina. Bayaninsu shi ne, ƙwayar cutar tana nan a maƙogwaron mutane masu lafiya, tana yawo daga wannan zuwa wancan ko da damina. Busasshiyar iska da ƙura da zafi su ne ke raunana hanci da maƙogwaro, har ta sami ƙofar shiga jini.

A 1980 Greenwood ya koma Gambiya, ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta MRC har shekara goma sha biyar. A can ya tunkari zazzaɓin cizon sauro. Gidan sauro tsohon abu ne, amma a lokacin ba a da hujjar cewa tsoma shi a maganin ƙwari yana hana mutuwa. Binciken da suka wallafa a mujallar Lancet a 1991 ya nuna mace-macen ƙananan yara sun ragu da fiye da rabi a ƙauyukan da aka yi gwajin. Matashin da ya ja ragamar aikin a ƙarƙashinsa, Pedro Alonso, shi ne daga baya ya shugabanci sashen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na Hukumar Lafiya ta Duniya. A ganina nan ne girman malami yake. Takardun da ya wallafa sun kai ɗaruruwa, amma ɗaliban da ya yaye, da yawansu 'yan Afirka, su ne suke riƙe da aikin yanzu a ƙasashensu.

Bayan ya koma Landan a 1996 bai saki Afirka ba. Yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan ba yara maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Da Greenwood kuma aka yi binciken Chadi da aka wallafa a 2013, wanda ya nuna allurar rigakafi ta MenAfriVac ta rage sanƙarau da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi ta.

To, iyaye mata da magidanta, ga inda zancen ya shafe mu. Idan damina ta kankama, ma'aikata suka yi sallama a ƙofar gida da maganin nan na yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar, na ranar farko ne kawai suke bayarwa da hannunsu. Na kwana biyun da suka rage amana ce a hannunku. Don Allah kada a ajiye shi sai yaro ya kwanta, kada a raba wa 'yan'uwansa, a cika kwana ukun nan kowane wata. Gidan sauro kuma a ɗaura shi, a kwana a ciki. Yaron da aka ga wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi, a garzaya da shi asibiti a ranar, ba a jira wayewar gari.