Ƙarfen tokare shasin mota: Abin dubawa kafin a je wurin mai walda

Ranar Asabar da hantsi, a garejin makanikai na Apo da ke Abuja, akan ga wasu motoci waɗanda ba kasafai suke shiga harabar Sakatariyar Tarayya ranar Litinin ba: tsofaffin BMW masu ƙofa biyu, da Ford Mustang, jefi-jefi kuma da ƙaramar Mazda mai buɗaɗɗen rufi. Galibin masu su suna da wata motar ta zuwa ofis. Wannan ta sha'awa ce, ita ake lallaɓawa, ita ce kuma ke cinye abin da ya rage a albashi. Idan aka ɗaga bonet ɗin wasu daga cikinsu, ido zai fara sauka a kan wani ƙarfe da ya ratsa ta saman inji, daga mazaunin shokazoba na dama zuwa na hagu, an shafe shi da jan fenti ko shuɗi.

A da, daga waje ake yin odarsa. Tun da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, kuɗin ƙarfen da na dako da na kwastan suka sa masu motoci suka koma lissafi: ai bututun ƙarfe ne mita ɗaya da fileti biyu, ga su a kasuwar Dei-Dei, ga masu walda a kowane lungu. Lissafin bai yi kuskure ba, domin ana iya ƙera shi a gida har ya fi wasu na kanti aiki. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake ƙerawa kwalliya ce kawai, wasu kuma suna rufe ciwon da ya kamata a ce an fara yi wa magani.

Abin da ke motsi a ƙarƙashin bonet

Babbar mota ko Hilux tana da shasi daban, wato wasu manyan ƙarafa biyu da ake ɗora jikin motar a kai. Ƙananan motoci sun daɗe da barin wannan tsari. Tun daga Lancia Lambda ta 1922 da Citroën Traction Avant ta 1934 aka fara mayar da jikin motar kansa ya zama shasi: siraran fallayen ƙarfe ne ake lanƙwasawa a haɗa su da walda, su zama akwati ɗaya. Ƙarfin akwatin yana cikin rufuwarsa. Kwalin da aka liƙe bakinsa yana da wuyar murɗawa, amma da zarar an cire marfin sai ya bi hannu. Ɗakin inji kwali ne marar marfi, domin bonet ba ya riƙe komai. Motar da aka cire wa rufi gaba ɗaya kuwa abin ya fi tsanani, shi ya sa akan ji gilashin gabanta da sitiyari suna karkarwa idan ta hau gargada.

A gefe biyu na wannan buɗaɗɗen ɗaki ne shokazoba ke zama. A tsarin da ake kira MacPherson, wanda ya samo suna daga injiniya ɗan Amurka Earle MacPherson, kuma Ford ta yaɗa shi da motocinta Consul da Zephyr a farkon shekarun 1950, shokazoba ba rage girgiza kaɗai take yi ba. Ita ce ke riƙe da tayar ta sama. Duk lokacin da mota ta sha kwana, ko ta faɗa rami, ko ta hau tudun rage gudu, ƙarfin yakan hau har zuwa mazaunin nan, wani lokaci ya ja shi waje, wani lokaci ya tura shi ciki. Idan mazaunin ya motsa, tsayuwar tayar a kan kwalta ta canja. Aikin ƙarfen tokara shi ne ya ɗaure mazaunan biyu domin su raba nauyin.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Amurka har yau ana kiran irin wannan ƙarfe da sunan Monte Carlo, saboda motocin Ford Falcon da suka yi amfani da shi a gasar tsere ta wannan birni a farkon shekarun 1960, kuma Shelby GT350 ta 1965 ta fito da shi tun daga masana'anta. BMW ta sanya wa M3 da M4 na 2014 nata, wanda aka yi da zaren kabon.

To amma ba kowace mota ce ke cin moriyarsa daidai ba. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, da Honda S2000 ta 1999, hannuwa biyu ne ke riƙe da kowace taya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, don haka ƙarfin kwana ba ya bi ta kan mazaunin shokazoba sosai. A irin waɗannan motoci tokarar da ake yi ta ƙarƙashi, ko ta bayan kujeru, ta fi wadda ake gani a saman inji ma'ana. Ko a motar MacPherson ɗin ma, bai kamata a sa rai da yawa ba. Idan tazarar da ke tsakanin ƙasan shokazoba da samanta ta kai milimita 600, motsin milimita 1 a sama zai karkatar da tayar da kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri ne kawai. Robobin hannun taya da suka mutu suna barin ta ta yi wasan da ya ninka haka. Mai motar da shokazobarsa ke yoyon mai, tayoyinsa huɗu kuma kowacce da kamfaninta, zai fi samun sauƙi idan ya kai kuɗin can.

Siffa ta fi sunan ƙarfe

Inda aka fi tafka asara shi ne wurin zaɓen ƙarfe. Wasu sukan nace sai alminiyam saboda rashin nauyi. Gaskiya ne nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, ga shi kuma yana buƙatar irin waldar da ba kowane shago ke da injinta ba. Wasu kuma sukan nemi ƙarfen kuromoli mai lamba 4130 da ake yin kejin motocin tsere da shi. Wannan ya fi jure karyewa, amma wajen miƙewa da lanƙwasawa a ƙarƙashin nauyi kusan ɗaya suke da ƙarfen da ake yin ƙofar gida. Tunda tauri ake nema, ƙarfen kasuwa mai kyau ya wadatar.

Lissafi ɗan kaɗan zai nuna hakan. Bututu mai faɗin milimita 30 da kaurin bango milimita 2, tsawon mita ɗaya, nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Idan miƙaƙƙe ne aka matsa shi daga baki zuwa baki da nauyin kilo 100, raguwar da zai yi ba ta kai kaurin silin gashi ba. Amma idan aka yi masa doro na milimita 50 domin ya tsallake inji, aka kuma ɗaure bakinsa biyu da noti guda-guda inda zai iya juyawa, bayarwar da zai yi za ta iya ninka wancan sau goma ko fiye. Ya tashi daga tokara ya koma sifirin. Mafi yawan masu walƙiya da ake tallarsu a intanet haka suke: ga doro, ga mahaɗa mai juyawa a kowane gefe.

Saboda haka miƙewa ce gaba da komai. Idan dole sai an lanƙwasa, a rage doron iya yadda za a iya, a ƙara faɗin bututun, domin ninka faɗinsa sau biyu da kaurin bango iri ɗaya yana ƙara masa taurin lanƙwasa kusan sau takwas. A kuma haɗa bututun da filetin da walda, a sa musu 'yan ƙananan tokarai a kusurwa. Abu na biyu shi ne alwatika. Duk mai walda ya san ƙofar da ba a ratsa mata ƙarfe a karkace ba sai ta zube ta riƙa jan ƙasa. Ƙarfe ɗaya tsakanin mazaunai biyu yana hana su matsowa ko nisantar juna, amma bai hana su karkata tare zuwa gefe guda ba. Abin da ke hana wannan shi ne ƙarin hannuwa biyu da za su koma baya zuwa bangon da ya raba ɗakin inji da na fasinja, kamar yadda Toyota 86 da Subaru BRZ suka zo da su daga masana'anta a 2012. Sai dai bangon nan siriri ne a yawancin wurare. Wanda ya huda shi inda ba shi da ƙarfi, ya buɗe wa ruwan damina hanya ne kawai, wataƙila ma ya huda wayoyin da ke bayansa.

A gaban mai walda

Aikin yana farawa ne da kwali da almakashi. Ana ajiye motar a kan daɓe mai daidaito, tayoyi huɗu a ƙasa, ba a kan jak ba, domin idan aka ɗaga ta jikin yakan ɗan buɗe, a ƙera ƙarfen a kan ma'aunin da ba shi ne na tafiya ba. Sai a kwance ƙananan notocin da ke kewaye da kan shokazoba, galibi uku ne, a zana ramukansu a kwali. Babban notin tsakiya ba a taɓa shi: shi ne ke danne da sifirin, kuma sakinsa ba tare da na'urar matse sifirin ba yana iya raunata mutum.

Da kwalin ake yanka fileti mai kaurin milimita 3 zuwa 5. A nan akwai tarko: ƙusoshin da ke fitowa daga kan shokazoba gajeru ne, duk kaurin da filetin ya ci an rage wa noti wurin kamawa. Idan bayan ɗaurewa zaren ƙusar bai leƙo ta saman notin ba, filetin ya yi kauri. Ɗaurin ma da ma'auni yake, kamar yadda littafin motar ya faɗa. Ƙusoshin sirara ne, kuma yaron gareji da dogon sifana yana iya tsinka ɗaya cikin daƙiƙa.

Kafin a yanka bututu, a ɗora curin yumɓu a inda zai bi, a rufe bonet a hankali, a buɗe a ga tazarar da ta rage. A tuna kuma inji ba a tsaye yake cik ba, yana jijjiga a kan robobinsa idan aka taka totur, don haka a bar masa fili. A duba tulun man birki, da sandar auna baƙin mai, da akwatin fis, kada a wayi gari sai an kwance ƙarfen kafin a duba mai.

Waldar gaba ɗaya a waje ake yin ta. A kan motar ɗigo biyu-uku kawai ake yi domin kama ma'auni, bayan an cire kan batir, an rufe inji da bututun mai da abin da ba ya cin wuta, an kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin filetin kansa. Idan aka maƙala ta nesa, wutar za ta nemi hanya ta cikin wayoyin motar, ta iya ƙona kwamfutar da makanikai ke kira birenbos, wadda kuɗinta ya ninka na ƙarfen sau da yawa. Zafin walda yana jan ƙarfe, shi ya sa ƙwararru sukan ɗaure aikin a kan tebur, su riƙa yi kaɗan-kaɗan gefe da gefe. Bututun famfo mai farin shafe kuwa a guje shi, hayaƙin shafen yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ƙarfen da aka gama ya kamata ya zauna a kan ƙusoshinsa da hannu. Idan sai an sa guduma, ba a gama ba.

Motar da ta taɓa buguwa

Babbar matsalar ita ce wadda ta shafi kasuwar motocin Najeriya. Yawancin motocin sha'awar nan 'yan Kwatano ne, kuma da dama an sayo su ne daga gwanjon motocin da suka yi hatsari a Amurka, fanel bita ya miƙe su, aka fesa fenti. Ƙarfen masana'anta yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: an yi shi a kan ma'aunin lafiyayyar mota, idan ya ƙi shiga ya tona asirin cewa mazaunan sun gusa. Na gida ba ya tona komai, domin a kan motar aka auna shi. Idan karkatacciya ce, zai ɗaure karkatar daram, mai ita ya ci gaba da mamakin yadda taya ɗaya ke cinyewa ta gefe, motar kuma tana ja zuwa hagu a titin filin jirgi.

Awo da tef yana warware wannan. A auna a gicciye daga ƙusar mazaunin dama zuwa wata alama ta masana'anta a gefen hagu, sannan a yi kishiyarsa. Idan awon biyu ya bambanta a fili, motar teburin miƙe shasi take buƙata. A duba kuma saman mazaunin: a BMW E46, wadda ta yi yawa a hannun matasan Abuja, sananne ne cewa ramukan hanya suna kumbura wurin ya yi tozo, har kamfanin yana da filetin ƙarfafa shi domin ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau. Irin wannan motar kuma an san ta da tsagewar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya. Ɗaure gaba alhali baya yana tsagewa bai ƙara wa kowa tsaro ba.

Akwai kuma ranar da ba a fata. Injiniyoyi sun tsara gaban mota ne ya murƙushe a hankali ya shanye ƙarfin karo. Ƙarfen da ya haɗa mazaunai biyu yana iya kai bugun gefe ɗaya zuwa ɗayan, gyaran gefe guda ya koma na biyu, kuma hannun da aka nufa da bangon fasinja, idan an yi shi da kaurin da ya wuce kima, ba a san inda zai nufa ba. Ƙarfen bai kuma canja dokar hanya ba: iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi kilomita 100 ce a sa'a, kuma a wannan gudun, a miƙaƙƙen titin Kubwa, da wuya direba ya ji wani bambanci.

Bayan an ɗaura, sai a kai motar alaimen. Idan ta yi mako guda tana tafiya, a sake gwada notocin, a haska tocila a kan layin waldar da kewayen filetin. Fentin da ya tsage ko jan ƙurar tsatsa a wurin alama ce cewa wani abu yana motsi, kuma a cire ƙarfen har sai an gano ko shi ne ko mazaunin.