Amsar Takardunku: Yaya Aka Yi Dokar Iyali Ta Tsallake A Maroko?

Wata mai sauraronmu, 'yar kasuwa daga jihar Maraɗi, ta aiko da takarda tana cewa: "Don Allah ku fahimtar da ni. Duk lokacin da aka ɗauko maganar dokar kare haƙƙin mata sai ƙungiyoyi su taso har a binne ta. Shin akwai ƙasar Musulmi da aka taɓa yin nasara?"

To Hajiya, kin yi tambaya. Abin da kika gani haka yake. A Nijar an tsara dokar iyali a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka ajiye ta. A 2006 kuma majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka. A Mali ma, a 2009 majalisa ta zartar da dokar iyali, dubban mutane suka cika filin wasa a Bamako, Shugaba Amadou Toumani Touré ya fasa sa hannu. Da aka sake fito da ita a 2011, an zare mata haƙora.

Amma akwai Maroko, ƙasar da ke bin mazhabar Malikiyya kamar mu. Can ma ba da sauƙi aka sha ba. A 1992 wata ƙungiyar mata ta bi gari-gari tana neman sa hannun mutum miliyan ɗaya don a gyara dokar da suke kira Mudawwana. Aka zarge su da fita daga addini. A watan Maris na 2000 aka yi zanga-zanga biyu rana ɗaya: masu goyon baya a Rabat, masu adawa a Kasablanka. Gaskiya ita ce, taron masu adawa ya fi girma, kuma da mata da yawa a ciki.

To me ya juya lamarin? Matan ba su tsaya zagin malamai ba. Sun koma ga Alƙur'ani da hadisi da littattafan fiƙihu, suna kawo hujja kan kowane gyara. Sun kuma riƙa kawo labarin matan da aka saka da rana tsaka aka kore su da 'ya'ya, babu muhalli babu ciyarwa, abin da kowa ya san yana faruwa a unguwarsu. A 2001 Sarki Muhammad na Shida ya kafa kwamiti na malamai da alƙalai, har da mata uku. Da zai bayyana sakamakon a majalisa a Oktoba 2003, sai ya faɗa cewa ba zai halatta abin da Allah Ya haramta ba, ba kuma zai haramta abin da Ya halatta ba. Daga nan bakin masu cewa "dokar Turawa ce" ya mutu. Kada mu manta, sarkin nasu ana ɗaukarsa Amirul Muminina, ƙarfin da shugaban Mali ba shi da shi.

A 2004 doka ta fara aiki. Shekarun aure suka koma 18 ga mace da namiji. Saki sai a gaban alƙali, bayan an nemi sulhu. Ba a hana ƙara aure ba, amma sai alƙali ya ba da izini, an kuma sanar da uwargida. Macen da ke riƙon 'ya'ya kuma dole uba ya sama musu wurin zama.

Sai dai fa Hajiya, rubutu daban, aiki daban. Dokar ta bar wa alƙalai damar yarda da auren yarinyar da ba ta kai 18 ba, kuma sun yi ta yarda, musamman a karkara. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2023 sarkin ya sake ba da umarnin a duba dokar.

Da fatan kin gamsu. A gaida mutanen Maraɗi.